Bin Sawun Sojan da Bai Komo Ba

Ran 1 ga watan Fabrairu, 1903, rundunar Turawa wadda Kanar Morland ya jawo daga Zariya ta iso Bebeji, ta iske ƙofar gari a rufe. Aka harba igwa, ƙofa ta faɗi, Sarkin Bebeji ya kwanta dama tare da waɗansu mutanensa. Bayan kwana biyu aka ci Kano. Dakarun da suka faɗi a ƙofar nan ba su sami littafin da aka jera sunayensu ba, sai dai abin da tsofaffi suka riƙe da ka. Abin da aka riƙe da ka kuwa yakan bi mai shi kabari.

Bayan shekara arba'in, sai ga samarin wannan ƙasa, ta Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, sun sa kaki suna yaƙi ƙarƙashin tutar Turawan nan. Waɗansu suka komo, waɗansu ba su komo ba, amma su kam an rubuta su. Saboda haka mutumin Kiru wanda kakansa ya tafi yaƙin Bama, aka daina jin ɗuriyarsa, yana iya bin sawunsa, in dai ya iya karatu, yana kuma da haƙuri.

An fara Yaƙin Duniya na Biyu a 1939, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Aka yi ta neman samari ta hannun hakimai da dagatai, aka horar da su da yawa a Zariya. Da fari sojan Nijeriya suka yaƙi Italiya a Habasha cikin 1941. Sa'an nan aka haɗa manyan runduna biyu na sojan Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82. Ta farko ta shiga jirgin ruwa zuwa Indiya a 1943, ta biyu ta bi ta a 1944, domin a kori Japan daga ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar. Ƙasa ce ta duwatsu da kurmi da ruwan sama mai yawa. Inda mota ba ta shiga, da ka aka ɗauki kaya, abinci kuwa jirgin sama ke jefo shi. Suka yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan, suka ci garin Myohaung a watan Janairu, 1945. Harsashi ya kashe waɗansu, zazzaɓi da atuni suka kashe waɗansu.

To, mai bincike daga gida zai fara. Ya zauna gaban dattawa ya tambaye su sunan yanka na sojan, da sunan mahaifinsa, da laƙabinsa, da shekarar da ya tafi, da waɗanda suka tafi tare. Kome aka faɗa masa ya rubuta, har da sunan wanda ya faɗa. Kana ya roƙi tsofaffin mata su buɗe adaka, ko a dace da hoto, ko wasiƙar da sojan ya aiko. Abin da ya fi kome amfani a jikin takarda shi ne lambar soja, gama ita ce ba mutum biyu da suka yi tarayya a cikinta.

Sha'anin suna akwai wuya. Galibi da sunan garinsa akan rubuta soja, watau a ce Wane Kiru ko Wane Bebeji. Wani kuwa, da ya ga akawu bai san ƙauyensu ba, sai ya ce shi Wane Kano ne. Wani ya sake suna don kada iyayensa su gane inda ya shiga. Ga shi kuma akawun soja yadda kunnensu ya ji haka suke rubutawa, Muhammadu ya koma Momo ko Mama. Wanda bai san wannan ba sai ya wuce sunan kakansa bai gane shi ba.

Da an sami suna ko lamba, sai a nufi littafin hukumar da ke kula da kaburburan sojan ƙasashen Kwamanwel. Yanzu ana iya duba shi ta intanet kyauta, ko a wayar hannu. A ciki ake samun muƙamin mamaci, da ƙungiyarsa, da ranar rasuwarsa, da inda yake. Akwai sojan Afirka ta Yamma kwance a maƙabartar Chittagong, cikin ƙasar da yanzu take Bangladesh. Waɗanda ba a san kabarinsu ba kuwa an sassaƙa sunayensu jikin ginshiƙan dutse a maƙabartar Taukkyan, kusa da birnin Rangoon, tare da na sauran sojan Kwamanwel, suna kusan 27,000.

Ranar rasuwa ita ce mabuɗin sauran labari. Kowace bataliya tana da littafin da hafsoshi ke rubuta abin da ya auku kullum, ana ajiye da su a gidan adana takardun gwamnati na Kew, a Landan. Sau da yawa ba su ambaci sunan ƙaramin soja ba, sai dai yawan waɗanda aka kashe. Duk da haka in ranar ta dace, za a san inda ƙungiyarsa take, da abin da ya same ta. A nan gida kuma akwai takardun Lardin Kano a gidan adana takardu na Kaduna, da tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939.

Sai dai kada mai bincike ya tsaya ga shaida guda. A watan Maris, 1944, Japanawa suka yi wa wata ƙungiyar masu jiyya kwanton ɓauna a bakin Kaladan. Aka ɗauka wani saurayi Bayarabe, Isaac Fadoyebo, ya mutu. Ashe mutanen wani ƙauye ne suka ɓoye shi wata tara, ya komo Nijeriya, ya rayu har 2012. Takarda takan yi kure, baki ma yakan yi, sai an gwada wannan da wancan gaskiya take fita.

Barikin Chindit na Zariya da barikin Dalet na Kaduna duk daga yaƙin nan suka samo suna, ana kuma tunawa da mazan jiya kowace shekara ran 15 ga Janairu. Amma waɗanda suka ga yaƙin da idonsu sun kusa ƙarewa, 'ya'yansu ma sun tsufa. Takardun Landan suna iya jira, tsohuwar da ta san ranar da wanta ya fita daga Kiru ba ta iya jira. Wanda Allah ya ba shi alƙalami ya je gare ta tun yau, ya rubuta abin da ta sani, don jikoki su san wanda suke yi wa addu'a. Allah ya jiƙan mazan jiya, amin.