Manta-Uwa: Furen da Ya Ruɓe a Hannun Gwaggo

Abin da ya jawo wannan rubutu bai taka kara ya karya ba. Wata ƙanwata da ke aure a Abuja ce ta zo ganin gida Ɗambatta, ta riƙo tsarabar wani fure a ɗan kaskon roba, irin wanda Turawa ke kira okid, fari fat kamar balbela ta buɗe fiffike. Ta durƙusa ta miƙa wa Gwaggo. Gwaggo ta juya shi, ta sake juyawa, ta ce, "'Yar nan, ana miya da shi ne?" Aka ce a'a. "To maganin mene ne?" Aka ce ai na kallo ne kawai. Ta yi shiru. Bayan baƙi sun tafi sai tausayinsa ya kama ta, ganin saiwoyinsa a waje ba ko ƙasa. Ta juye shi a tsohuwar tukunya, ta cika da ƙasa da takin awaki, tana ba shi ruwa safe da yamma. Bai yi wata guda ba ya ruɓe.

Ni ban ga laifinta ba. Tambayoyin nan biyu su ne ma'aunin shuka a gidajenmu. Zogale na miya ne da kwaɗo, lalle na amare, darbejiya ta inuwa da zazzaɓi. A ƙasa irin tamu, inda gona ba ta hutawa ko shekara ɗaya, ko itacen da aka bari a tsakiyar gero sai da dalili: kuka, ɗorawa, tsamiya, gawo. Shuka don kallo kaɗai baƙon abu ne.

Amma dangin wannan fure ba baƙi ba ne a bakin Bahaushe. Wani likita ɗan ƙasar Sikotlan, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa a farkon mulkin Turawa, ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. A ciki ya kawo wani okid mai dogayen ganyaye da fure rawaya mai ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa, wanda ke fitowa a jikin bishiyar kwakwa. Sunansa murucin bisa. Duk wanda ya taɓa cin muruci zai gane dalili, don kuwa jikinsa a kumbure yake kamar tsiron giginya, sai dai shi a sama yake rayuwa. Kuma ba irin kauci ba ne da ke shan jinin itacen da ya hau. Shi mazauni kawai yake nema, ruwansa daga sama da raɓa yake samu. Kwakwa ba itacen ƙasarmu ba ce, saboda haka ni a ganina ta hannun fatake da masu magani ya riƙa isowa nan daga kudu.

Ɗaya sunan nasa shi ne ya hana ni barci: manta-uwa. Dalziel ya bayyana cewa suna ne na wasu tsirrai da ake ba yaro lokacin yaye, ko kuma a ba bawa don kada ya gudu. Na farkon duk mun san shi. An kai yaro gidan kaka, yana ta kuka, a jiƙa masa wani abu ya sha ko hankalinsa ya kwanta. Na biyun kuwa ba mu cika son zancensa ba. A ƙarni na 19 ƙasar Kano cike take da rinji da gandaye, irin su na Fanisau, inda bayi ke noma hatsi da auduga. Da yawansu an kamo su ne suna yara. To ka ga mai su yana bukatar abin da ya fi mari da igiya, yana bukatar su manta inda suka fito. Ko maganin yana ci ko ba ya ci, ba shi ne damuwata ba. Sunan kaɗai shaida ne cewa iyayengiji sun san abin da ke ran bawa, sun kuma nemi hanyar goge shi. Sai a 1936 aka haramta bauta gaba ɗaya a Arewa, wato shekara 20 bayan fitowar wannan ƙamus.

Abin mamaki, zancen bauta ne kuma ya kai wannan fure Turai. A 1841 Ingila ta turo jiragen ruwa uku, Albert da Wilberforce da Soudan, su hau kogin Kwara su ƙulla yarjejeniyar hana cinikin bayi da sarakuna, su kuma kafa gonar gwaji a wajen da yau muke kira Lakwaja. A cikin tawagar akwai Samuel Ajayi Crowther, wanda shi kansa an taɓa bautar da shi, da J. F. Schön, wanda ya buga littafin kalmomin Hausa a 1843. Tafiyar ba ta yi daɗi ba. Zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40, saura suka gudu tsibirin Fanando Po, Biyoko ta yau, don jinya. A can ne wani mai kula da tsirrai na tawagar, John Ansell, ya ga furen a jikin kwakwa. Masanin okid na Ingila, John Lindley, ya raɗa masa sunan mutumin a 1844: Ansellia africana. Da wannan suna duniya ta san shi har yau.

Lokacin kuwa haukan okid ya kama masu kuɗin Ingila. Tun 1818, da wani fure daga Barazil ya buɗe a gidan wani attajiri William Cattley, aka shiga tura mutane dazuzzukan Asiya da Kudancin Amurka suna kwashe tsirrai jirgi-jirgi. Yawanci a hanya suke mutuwa, waɗanda suka isa kuma masu lambu su ƙarasa su. Sun ɗauka tunda daga ƙasar zafi suka fito, sai a kulle su a ɗakin gilashi mai turiri, a binne saiwar a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kuskuren Gwaggo ke nan sak, amma su sai da suka shekara da shekaru suna yi kafin su gane cewa saiwar iska take so.

Ba zan wuce shekarar 1841 ban ambaci wani yaro ba. Banila, ƙamshin da ake sa wa kek da askirim, 'ya'yan wani okid ne ɗan asalin Meziko, wanda ya ƙi haihuwa a ko'ina in ba can ba. Wani bawa ɗan shekara 12 a tsibirin Reyuniyon, Edmond Albius, shi ya gano yadda ake haɗa furen da ɗan tsinke da babban yatsa. Da dabararsa ake noman banila a Madagaska har gobe. Ya sami 'yanci a 1848, ya mutu a 1880 ba shi da ko anini.

Yadda okid ya sauko daga gidan attajirai zuwa kanti kuwa aikin ɗakin gwaji ne. Irinsa kamar ƙura yake, ba ya tsira sai da taimakon wani naman gwari. A 1922 Lewis Knudson na Jami'ar Cornell a Amurka ya tsirar da shi a kwalba da sukari da sinadarai, a 1960 kuma Georges Morel a Faransa ya nuna yadda za a yanki ɗan tsiro a ninka shi dubbai. Farin da aka kawo wa Gwaggo, Phalaenopsis, asalinsa kudu maso gabashin Asiya ne, manyan masu nomansa kuma Taiwan da Holan. Shi da manta-uwa 'yan dangi ɗaya ne mai nau'i kusan 28,000.

An sake aiko mata da wani. Wannan karon na zuba masa ɓawon itace da gawayi maimakon ƙasa, muka ajiye shi a inuwar rumfa kusa da randa, ruwa sau ɗaya a mako, in hunturu ya busa a ɗan yayyafa wa saiwar. Ina cikin aikin ne na ba ta labarin Dalziel. Ta ce ta ji sunan manta-uwa a bakin kakarta wajen zancen yaye, amma ba ta taɓa ganinsa da idonta ba. Da na zo kan maganar bayi sai ta kau da kai, ta ce in matsar da kaskon, kaji na zuwa.