Daga goron mai gari zuwa takardar meri

A da can, magidanci a Bande, a ƙasar Magarya, ba ya sayen wurin zama. In gandu ya cika, ko ɗa ya yi aure, sai a je wurin mai gari da goro, ya nuna kango, dangi su taru a yi danga, a ɗora ɗaki. Gona ma hanyoyinta sanannu ne: gado, aro, ko jingina idan shekara ta yi tsanani. Shaida kuwa bakin dattawa ne, da itacen gawo da ke tsaye a kan iyaka.

Ko a birnin Damagaram, wato Zinder, haka abin yake. Lokacin da Sarki Tanimu ya kewaye Birni da ganuwa a ƙarni na 19, ƙasa tana hannun sarki, fatake da baƙi kuma suna sauka a Zango. Faransawa suka iso a 1899, suka mai da Zinder hedikwatar mulki daga 1911 zuwa 1926. Su suka zo da awon fili da igiya, da tituna miƙaƙƙu, da rajistar mallaka. Daga nan fili ya samu lamba, ya kuma samu farashi.

Sai dai yawan jama'a ne ya hura wutar kasuwar. Yankin Magarya na cikin wurare mafi cunkoso a Nijar. A 2011 aka cire Dungas daga Magarya aka mai da ita gunduma mai zaman kanta. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki ke rabonta taki-taki. Ɗan Bande da ya tara abin hannu a cirani, Kano ko Libiya, burinsa parsal, wato yankakken filin gida, a Magarya ko Zinder, inda jami'a da matatar mai ta SORAZ suka ƙara jawo ma'aikata masu neman muhalli. Meri, wato hukumar gari, na yanka gonakin gefen gari, dillalai na zagaye, mai gona kuma ana ba shi ƴan filaye diyya, sau da yawa ya sayar kafin ya san darajarsu.

Abin takaici shi ne fili ɗaya a sayar wa mutum biyu, ko ɗan'uwa ya cefanar da gado ba da sanin sauran magada ba. Dokar karkara ta 1993 ta amince da mallakar gargajiya, ta kafa kwamitocin filaye, wato COFO, waɗanda daga baya suka kai har matakin ƙauye, don a rubuta ciniki a gaban shaidu. A birni kuwa takardar meri ce farko, kafin rajistar ƙarshe.

Dattawan da suka san iyakoki suna ƙarewa. Duk mai shirin sayen gida, ya ga takarda, ya ji bakin magada, sannan ya ƙirga kuɗi.