Rediyon Hausa Da Ranar Da Shiri Ya Daina Bin Iska

Muƙalarmu ta wannan mako a kan rediyo take. Kada wani ya ce ina ruwan marubuci da rediyo, domin tun kafin mu san Facebook, gidan rediyo ne maɗaba'ar wanda ba shi da kuɗin buga littafi. Yanzu da gidajen rediyon suke komawa fodkas, wato shirin saurare da ake ajiyewa a intanet mutum ya sauke lokacin da ya ga dama, sauyin ya taɓa mu kai tsaye, kuma da yawanmu ba mu lura ba.

Rediyo ya shigo Kano a 1944, amma ba irin wanda muka sani ba. Akwati ne da ake jawo masa waya daga ofishin watsa shirye-shirye, a saka a gidan wanda ya biya, a kuma kafa lasifika a wuraren taruwar jama'a. Ba a canja tasha, abin da aka turo shi za ka ji. Ranar 13 ga Maris 1957 BBC ta fara magana da Hausa, da shirin minti 15 wanda Aminu Abdullahi Malumfashi ya gabatar. A 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda sashen rediyonsa a 1978 ya koma ƙarƙashin Rediyon Tarayya. Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979, ita kuwa Faransa sai a 2007.

Abin da ya haɗa waɗannan tashoshi duka shi ne agogo. Shiri yana da lokacinsa, idan ya wuce ka ya wuce. Wannan ne ya sa iyayenmu suka tsara yininsu a kan rediyo kamar yadda aka tsara shi a kan salla da kasuwa. Ƙarfe takwas da rabi na dare majalisa ta yi tsit, an ji Landan take kira. Ranar da za a sa Samanja Mazan Fama kowa ya san inda zai kasance. Da azumi kuwa tafsirin Malam Abubakar Gumi daga Kaduna ya isa ƙauyukan da malamin bai taɓa takawa ba. Ƙarfin rediyo a lokacin ba a ingancin sauti yake ba, don gajeren zango kowa ya san shi da shuuu da ɗaukewa. Ƙarfinsa shi ne dubban mutane suna jin abu ɗaya a lokaci ɗaya, gobe da safe su yi gardama a kai a teburin mai shayi.

A cikin wannan tsari marubuci ya samu gurbi. Filin Shafa Labari Shuni na Rediyon Kaduna yana karanta labaran da masu saurare suka aiko, kuma marubutan da suka taso a shekarun 1980 suna yawan ambatonsa idan ana tarihin adabin kasuwar Kano. Matashi ya cika littafin makaranta da labari, ya sa a ambulan, ya jira makonni, rana ɗaya ya ji an kira sunansa da na garinsu. Daga baya aka samu filaye irin su Rai Dangin Goro, inda muryar Ahmad Isa Koko ta kai littattafai kunnen matan da ke cikin gida da mutanen da ba su iya boko ba. Yarjejeniyar da ke tsakanin marubuci da gidan rediyo a wancan zamani mai sauƙi ce, ko da ba a rubuta ta ba. Ka ba su littafi, su karanta, iska ta kwashe. Wanda ya rasa kashi na bakwai, ko ya ƙosa ya ji ƙarshe, sai ya nufi mai sayar da littattafai. Karatun talla ne.

Sai dai mai saurare bai taɓa yarda da mulkin agogo ɗari bisa ɗari ba. Da rakoda ta yi araha, mutane suka riƙa danna jan maɓalli suna naɗar wa'azi da wasan kwaikwayo da waƙar Shata daga rediyo, kaset ya zaga gari hannu da hannu. Bayan kaset aka koma katin waya da masu tura waƙoƙi a bakin kasuwa, sannan WhatsApp. Don haka idan aka ce mana fodkas baƙon abu ne a ƙasar Hausa, sai mu ce sunan ne baƙo. Ɗabi'ar ajiye murya a saurara daga baya ta girme mu.

A waje ma daga cikin rediyo abin ya girma. Wani ɗan jarida ne ya fara amfani da kalmar a jaridar Guardian ta Ingila a 2004, kamfanin Apple ya saka fodkas a iTunes a 2005, amma shirin da ya ja hankalin duniya, Serial na 2014, ma'aikatan wani shirin rediyo ne a Amurka suka yi shi. Labarin kisan kai guda ɗaya suka bi har kashi 12. Mu lura da wannan: abin da ya sa mutane suka maƙale masa rubutu ne, wato sanin inda za a ɓoye bayani da inda za a yanke kashi. Duk wanda ya taɓa rubuta littafi na ɗaya da na biyu ya san wannan dabara.

A nan gida, dokar 1992 ce ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, kuma zuwan Freedom Radio a Kano a 2003 ya sauya salon magana a rediyon Hausa, da shirye-shirye irin su Inda Ranka da Kowane Gauta. Waɗannan tashoshi na FM su ne yau suke fuskantar matashin da rediyonsa wayarsa ce. Abin da akasarinsu suka yi shi ne kafa kyamara a ɗakin watsa shiri, su yi kai tsaye a Facebook, su ɗora a YouTube. Hakan ya yi amfani, ɗan Kano da ke Legas ko Jidda yana jin labarin unguwarsu. Amma a ganinmu wannan ba fodkas ba ne tukuna, rediyo ne da aka zuba a wani kwano. Za ka buɗe shiri na sa'a guda ka tarar da gaisuwa, da tallar maganin gargajiya, da "halo, halo, rage muryar rediyonka", da sanarwar ɗaurin auren da aka yi tun bara. Wanda ke jan keken ɗinki yana saurare a iska zai jure. Wanda ya sayi data da kuɗinsa ba zai jure ba, ballantana bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da aka amince wa kamfanonin waya a Janairun 2025. Sa'a guda ta magana zalla ba ta wuce megabayit 30 ba idan an matse ta da kyau, bidiyo kuwa ya ninka haka sau da yawa. Abin mamaki, bidiyon aka fi ɗorawa, saboda can ne kuɗin talla yake.

Waɗanda suka fi fahimtar bambancin su ne manyan kafofi. BBC Hausa ta yi shirye-shirye irin su Lafiya Zinariya da Adikon Zamani, masu jigo ɗaya a kowane kashi, waɗanda za a iya saurare bayan shekara ba su tsufa ba. Jaridar Aminiya, wadda ba gidan rediyo ba ce, ta shigo da Najeriya A Yau da Daga Laraba. Kun ga jarida ta shiga gonar rediyo ba tare da ta kafa eriya ba. BBC ɗin dai ta rufe rediyonta na Larabci a Janairun 2023 bayan shekara 85, ta mayar da hankali kan intanet. Na Hausa bai shiga jerin waɗanda aka rufe ba, kuma ba wuya mu gane dalili, har yanzu akwai manomi da makiyayi da ba su da hanya sai akwatin batir. A Nijar kuwa gwamnatin soja ta dakatar da rediyon Faransa a 2023, ta dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024. Muryar Amurka ta yi shiru a Maris na 2025 bisa umarnin gwamnatin ƙasarta. Tashar da aka yi shekara 46 ana ji ta ɗauke cikin kwana ɗaya, aka bar masu saurare da abin da aka riga aka ajiye.

To a nan maganar ta dawo kanmu. Tunda shiri ya daina bin iska, tsohuwar yarjejeniyar nan ta mutu, amma muna ta aiki da ita. Marubuciya ta kai littafinta gidan rediyo da murna, a karanta, a ɗora kashi 40 a YouTube, ya zauna can har abada yana tara masu saurare da kuɗin talla. Wa zai sayi littafin da yake da shi cikakke a aljihunsa? Wannan ba talla ba ce, bugu ne na biyu, bugun murya. Ban da tashoshin YouTube masu karanta littattafan Hausa dare da rana, wasu da izini, wasu kuwa ko sunan mai littafin ba sa faɗa daidai. Ba muna cewa a daina kai littafi rediyo ba ne. Gasar Hikayata da BBC ta fara a 2016 domin mata marubuta ta nuna abin da karatun murya ke yi wa sunan marubuci, kuma can ana shiga ne bayan an ga sharuɗɗa a rubuce.

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, ta san da intanet. Ɗora aiki inda jama'a za su same shi duk lokacin da suka so yana cikin haƙƙoƙin mai aikin, kuma dokar ta tanadi hanyar neman a sauke abin da aka ɗora ba da izini ba. Ta kuma ce mallaka wa wani haƙƙi gaba ɗaya, ko ba shi izinin da ya keɓanta da shi kaɗai, sai a rubuce. Amma izini na gama-gari ana iya ba da shi da baki, har ma a fahimce shi daga abin da mutum ya aikata. Nan ne ramin yake. "Ba komai, ku karanta" da muke faɗa a waya don kunya, gobe ana iya cewa ya haɗa da ɗorawa.

Saboda haka kafin mu miƙa littafi, takarda ɗaya ta isa, a rubuta ko karatun na iska ne kawai ko har da intanet, a wane shafi, tsawon wata nawa, da kason marubuci idan shafin yana kawo kuɗi. Wanda yake son ya riƙe wani abu a hannunsa yana iya yarda a ɗora kashi biyar na farko kawai, ragowar a karanta a iska kamar yadda aka saba. Su ma tashoshin suna da buƙatarmu fiye da yadda suke nunawa, domin fodkas na gaskiya ba ya yiwuwa da surutu kai tsaye, sai an zauna an rubuta. Akwai tarihin gobarar kasuwa, akwai labarin masu tafiya aikin hajji a ƙasa da suka zauna a Sudan, akwai rayuwar 'yan dako a Kantin Kwari, duk suna jiran wanda zai tsara su kashi-kashi don kunne. Rubutun kunne kuwa yana da ƙa'idarsa: jimla gajera, a maimaita sunan mai magana, kada 'yan wasa su wuce huɗu a fage ɗaya, don mai saurare ba shi da shafin da zai koma ya duba wace ce Hajara.