GTO: Motar da Aka Haifa ta Ɓarauniyar Hanya

Masu son tsofaffin motocin Amurka suna da gardamar da ba ta ƙarewa. Wani zai samo Pontiac GTO ta 1965 da ta daɗe a yashe, ya sauke injinta ya dasa na zamani, ya canza birki da giya, ya fesa fentin da ransa ke so. Sai 'yan a-bar-ta-yadda-take su yi masa ca, wai ya lalata kayan tarihi. A wurinsu mota ba ta cika ba sai lambar da ke jikin inji ta dace da takardar masana'anta. Ni dai ina bayan masu dashen, kuma hujjata tana cikin tarihin motar.

A farkon 1963 kamfanin General Motors ya hana rassansa shiga tsere, ga kuma dokar cikin gida da ta haramta sa injin da ya wuce lita 5.4 a matsakaitan motoci. Abin ya fi taɓa Pontiac, don da tsere take jan hankalin samari. John DeLorean, babban injiniyan reshen, da abokan aikinsa Bill Collins da Russ Gee, suka lura cewa injin manyan motocinsu, mai fulogi takwas da lita 6.4, zai zauna daram a mazaunin injin matsakaiciyar motarsu, Tempest. Suka dasa. Don kauce wa doka ba su kira ta sabuwar mota ba. Suka ce ƙari ne kawai da mai sayen LeMans, wani nau'in Tempest, zai iya zaɓa, ya cika kusan dala 300. Sunan GTO ma daga Ferrari suka aro shi. An yi kirdadon sayar da 5,000, sai ga shi a shekarar farko an sayar da 32,450.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne gwajin mujallar Car and Driver na Maris 1964, wanda ya ɗaga sunan motar. Jim Wangers, mai tallata Pontiac, ya bi da motar gwajin ta garejin Royal Pontiac da ke Royal Oak, kusa da Detroit, aka zura mata inji mai lita 6.9. Daga waje ba ka bambanta injinan biyu, don haka 'yan jarida suka auna gudu, suka buga alƙaluman da motar kanti ba za ta taɓa kaiwa ba. Sai bayan shekaru talatin da wani abu Wangers ya amsa laifinsa a littafinsa. Wato GTO mafi shahara a tarihi ita kanta dashe ce.

Su ma masu saye ba sa barinta yadda ta zo. A wancan lokacin, a titin Woodward na Detroit, samari na tsere daga danja zuwa danja da dare, gari na wayewa kowa ya duƙufa kan kafireta da salansa.

Zamanin bai yi tsawon rai ba. Kamfanonin inshora suka tsauwala wa samari kuɗi, dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta rage wa injina ƙarfi, takunkumin man Larabawa na Oktoba 1973 ya ƙarasa sauran. Tsadar man da ta kashe wa irin waɗannan motoci kasuwa ita ce ta cika baitulmalin Najeriya, har Peugeot ta fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975. GTO ta asali ta tsaya a 1974, Pontiac kuwa an rufe ta a 2010.

Wuri ɗaya nake sassauta wa 'yan asali. Motar da aka ƙera 'yan ƙalilan, kamar Plymouth Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi, wadda aka sayar dala miliyan 3.5 a gwanjo a 2014, wauta ce a kai mata sifana. Sannan akwai 'yan damfara. Da yake a 1964 da 1965 GTO ƙari ce a kan LeMans, lambar jikin motar ba ta nuna ko wacce ce, don haka wasu kan liƙa wa LeMans tambari su sayar da tsada. Mai saye mai wayo sai ya aika lambar wurin masu adana tsofaffin takardun Pontiac, ya ga rasidin masana'anta kafin ya ƙirga kuɗi.