Zango da Unguwar Katanga: Ina Za a Reni Yaro?



Shekara goma sha takwas ke nan ina riƙe da littafin mai gidanmu, dattijon unguwa, a nan Ankara. Ni ke rubuta ɗaurin aure da raɗin suna, ni ke rubuta sulhu idan an yi shi, ni ke kai sanarwa idan an yi rasuwa. A 'yan shekarun nan wata tambaya ta yawaita a zaurenmu, kuma masu kawo ta ba matalauta ba ne. Mutum ne Allah ya buɗa masa, ya sayi fili a East Legon ko ya kama gida a Cantonments, sai ya zo ya durƙusa ya ce: "Baba, in kwashe yaran in koma can, ko in bar su a nan?" Dattijo yakan sa masa albarka, ya ce ya je ya yi istihara. Ni da ba a tambaya ba, sai na ga ya dace in tono asalin wuraren nan biyu, domin unguwa ma tana da asali kamar mutum, kuma abin da aka gina ta dominsa ba ya sakinta da wuri.

Zango, a bakin kakanninmu fatake, wurin da ayari ke sauke kaya ne. Sun bi hanyar Gwanja neman goro, Salaga ce babbar kasuwarsu, har yaƙin basasar 1892 ya watsa ta, mutanenta suka bazu zuwa Karke da Yeji da Kintampo da bakin teku. Kafin nan, a 1877, Turawa sun mai da Ankara hedikwatar mulkinsu, ciniki ya karkato nan. Malam Naino, mutumin Katsina, ya sami fili a hannun sarakunan Ga, aka yi zangon farko a tsakiyar gari. Da wuri ya yi ƙunci, ɗansa Malam Baƙo ya fita da jama'arsa ya kafa Sabon Zango kafin yaƙin duniya na farko. Nima ta biyo baya a farkon shekarun 1930 ta hannun Malam Futa, sannan Madina a 1959.

Ku lura da laƙabin da ke gaban sunayen nan. Malamai ne, kuma malami ba ya zama babu almajirai. Saboda haka yaro yana cikin lissafin zango tun ranar da aka kafa turken farko. Zaure na karatu ne da safe, na baƙi ne da rana, na hira ne da dare. Tsakar gida ɗaya takan haɗa iyali biyar ko shida, mai gida da 'yan haya, Bahaushe da Bazabarme da Bamoshe da Bayarabe, yaransu kuwa kwano ɗaya. Ga al'adar riƙo: gwaggo ta ɗauki ɗiyar wanta, kawu ya ɗauki ɗan ƙanwarsa ya koya masa ciniki. Idan muka ce ɗa na kowa ne, a zango magana ce mai haƙora. Ni kaina na sha bulalar wani tela da ban haɗa komai da shi ba, don ya gan ni a bakin kwata lokacin da ya kamata ina gaban allo, kuma mahaifina, Allah ya ji ƙansa, har gida ya bi shi ya yi godiya.

To, ita unguwar manya fa? Nan ne tarihi ya ba ni mamaki. A 1897 likitan nan Ronald Ross ya tabbatar a Indiya cewa sauro ke ɗaukar ƙwayar zazzaɓi. Wajen 1900 aka turo wasu likitoci biyu daga Ingila, Stephens da Christophers, suka yi bincike a Saliyo da Ankara da Ikko. Suka ɗebi jinin yaran gari, suka tarar da ƙwayar cutar a jikin da yawansu, sai suka yanke cewa daga yaran baƙar fata sauro ke ɗauko ciwon ya kai wa Bature. Shawararsu ita ce Bature ya ƙaura nesa da inda yaran nan ke kwana. A Saliyo aka gina musu unguwa a kan dutse. A Nijeriya dokar Gwamna Lugga ta 1917 ta sa a bar fili fayau na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wanda ya san Nasarawa ta Kano ya san abin da nake nufi. A nan Ankara, annobar 1908 da shawarar da ta biyo bayanta sun ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi, aka keɓe Ridge, daga baya Cantonments. Gida ɗaya tsakiyar fili mai faɗi, ɗakin boyi da kuku can baya, ba a son iyalinsu su tare. Su kansu Turawan, galibinsu a Ingila suke barin 'ya'yansu.

Ashe ke nan unguwar da muke tambaya ko ta dace da renon yara, tun farko don gudun yara aka zana ta.

Da aka sami 'yanci a 1957, manyan ma'aikatanmu suka gaji gidajen, suka gaji zanen. Duk sabuwar unguwar masu hali da aka yanka bayan nan, daga Airport Residential har East Legon da ta tashi a gefen jami'ar Legon, wannan zane aka bi, sai dai an ƙara tsawon katanga, an ɗora mata waya mai lantarki, an sa mai gadi a ƙofa. Babu zaure, babu dandali, babu dakalin da tsoho zai zauna ya ga wa ya wuce.

Kada a ɗauka ina yi wa zango kirari ne ido rufe. Wanda ya ga kwalarar 2014 ya san unguwannin da ta fi ɗauka. Wanda ya ga daren 3 ga Yuni, 2015, da ambaliya da gobarar gidan mai suka haɗu a Circle, mutum fiye da 150 suka rasu, ba zai zargi uban da ya nemi tudu ba. Na shiga ɗakunan da mutum takwas ke kwana, yarinya mai shirin jarrabawa tana karatu a kan guiwarta. Na ga layin bayan gida na kuɗi da asuba. Na rubuta sulhu a kan samarin da ƙwaya ta lalata, kuma a lungunmu suka koya, ba a wani wuri ba. Idon unguwar da ya tsare mu ya yi rauni, yau ka tsawata wa ɗan wani sai uwarsa ta biyo ka da zagi. Haka nan dattawanmu ba su manta da Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, aka yi asarar gidaje da dukiya. Tun daga ranar mutanenmu suka gane darajar takardar fili da ta makarantar boko. Wanda ya sayi fili mai cikakkiyar takarda a unguwa mai tsabta, darasin 1969 yake aiki da shi.

Sai dai akwai abin da littafina ke nuna mini. Wani bawan Allah, ɗan unguwarmu, ya koma can shekaru goma da suka wuce. Ranar sallah ya kawo ɗansa gaida dattijo. Yaro lafiyayye, mai tsabta, na ɗaya a ajinsu. Dattijo ya ce, "Ɗan samari, ina gajiya?" Yaro ya juya ya dubi ubansa, uban ya fassara masa da Turanci. Bai san ya cire takalmi ba, bai san ya rusuna ba, kuma laifin ba nasa ba ne, bai taɓa ganin an yi ba. A wannan ƙasa Hausa ba ta da gwamnatin da ke tsaye a kanta, a lungu da kasuwa da makarantar allo take numfashi. A Kano yaro zai tsince ta a titi ko a wace unguwa yake. A Ankara, in ka fitar da shi daga zango, ka fitar da shi daga inda ake yin ta, sai abin da uwa da uba suka iya a tsakanin dawowa aiki da barci.

Da mahaifiyar mutumin nan ta rasu a gidansa, ni na kai sanarwa. Maƙwabtansa na dama da hagu ba su sani ba sai da suka ga motoci. Gawar sai da aka dawo da ita zango, nan aka sami masu wanka da masu ɗinkin likkafani da sahu bayan sahu. Malamanmu sun karantar da mu cewa haƙƙin maƙwabtaka yana kaiwa gida arba'in. Yaron da ya girma bai san sunan mai gida na biyu ba, a ina zai koyi wannan babi?

Ra'ayina, tunda na ɗauki alƙalami, shi ne unguwar katanga tana kyautata wa jikin yaro da bokonsa, amma tarbiyyar da zango ke bayarwa kyauta, a can sai an saye ta da wahala, kuma kuɗi kaɗai ba sa sayenta. Malamin da ake biya ya zo gida awa ɗaya zai koyar da baƙi da wasali, amma ba zai zama sa'o'i talatin da yaro zai yi faɗa da su ya shirya ba. Waɗanda na ga sun ci riba su ne masu ɗawainiya: mai kai yaransa makarantar Asabar da Lahadi a Nima ko Madina ba fashi, mai barin su hutu wurin kaka, mai ɗauko 'ya'yan 'yan'uwa riƙo har gidan ya cika da hayaniya. Na san wani da ya fitar da motarsa daga gareji ya shimfiɗa tabarmi, yanzu yaran masu gadi da na masu gida suna karatu tare a ciki bayan la'asar.

Na ƙarshen da ya kawo wa dattijo tambayar nan, da muka fito na raka shi bakin mota, na ce masa, "Alhaji, kafin ka auna faɗin fili, auna tafiyar da ke tsakaninsa da ɗakin Hajiya." Ya yi dariya. Daga baya ya sayi wuri a gefen East Legon da ke kallon Madina, inda ake jin kiran salla. Watan jiya na je rubuta sunan jaririyarsa. Jama'ar zango sun cika mota biyu, mai gadin layin ya tsare mu a ƙofa kusan rabin awa yana neman sunayenmu a takarda, har sai da babban ɗan Alhaji ya fito a guje ba takalmi, yana ce masa da Hausa, "Buɗe musu, kakannina ne."