Tayar Da Ke Yi Wa Kanta Faci

Duk wanda ya taɓa hawan keke a cikinmu ya san abin da ke biyo baya idan taya ta sace. A tura keke zuwa wurin mai faci, a zare tub, a tsoma shi cikin ruwa ana neman inda kumfa ke fitowa, a kankare wurin, a shafa sholisho, a manna faci. Sama da shekara 100 ke nan duniya na wannan aiki kusan iri ɗaya. Amma a yau da yawa daga cikin manyan 'yan tseren keke ba su da tub a tayoyinsu ko kaɗan. Abin da ke ciki wani farin ruwa ne mai kama da madara, kimanin mililita 60, wato bai cika ƙaramin kofin shayi ba. Idan ƙaya ta soki tayar sai ruwan ya ruga ya toshe wurin, mai keke na ta tafiyarsa, wani lokaci bai ma san an yi ba.

Bari mu kira shi ruwan faci. Wahalar haɗa shi ita ce abu biyu ake nema a wurinsa waɗanda ba sa ga maciji da juna. Ana so ya zauna a ruwansa wata da watanni cikin taya, ana jijjiga shi cikin zafi da sanyi bai daskare ba. Ana kuma so ya daskare cikin ƙiftawar ido da zarar ya isa bakin huji. Tarihinsa duka kokawa ce da wannan buƙata mai fuska biyu.

Tun ranar da aka sa wa taya iska aka haifi matsalar. A 1887 wani likitan dabbobi ɗan Sikotland mai zama a birnin Belfast, John Boyd Dunlop, ya naɗa wa keken ɗansa mai ƙafa uku roba mai iska, ya kuma karɓi takardar mallakar fasahar a 1888. Daga baya aka gano wani ɗan ƙasarsu, Robert William Thomson, ya riga shi tun 1845, sai dai a lokacin babu keken da zai ci moriyar abin. Tayar Dunlop manne take da ƙafar keke, gyaranta kuwa aikin sa'o'i ne. A 1891 'yan'uwan nan biyu na Faransa, André da Édouard Michelin, suka fito da tayar da ake iya cirewa a gyara tub a mayar. A shekarar ne Charles Terront ya lashe tseren Paris zuwa Brest da dawowa, kimanin kilomita 1,200, a kan tayoyinsu. Daga nan tsarin taya a waje, tub a ciki, ya kafu.

Amurkawa sun ɗan bi wata hanya dabam. Na tsawon shekaru kekunansu na amfani da taya mai kama da tiyo, wadda taya da tub duk abu guda ne, a manne da rim. Babu tub ɗin da za a zaro a yi wa faci. Saboda haka a farkon ƙarni na 20 wani kamfani na birnin Buffalo ya yi ta tallar wani ruwa mai suna Neverleak, wanda ake ɗurawa ta bawul don ya toshe huji daga ciki. Ashe tunanin ruwan faci ya girmi kakanninmu. Da kamfanin Schwinn ya kawo faffaɗar taya mai tub a 1933, sai tayar tiyo ta fara ɓacewa, ruwan nan ma ya koma gefe.

Mota ce ta fara rabuwa da tub. A 1937 aka ƙirƙiro wata robar masana'anta mai suna butil, wadda iska ba ta ratsa ta da sauƙi. Kamfanin BF Goodrich ya sanar da tayar mota marar tub a 1947, kuma zuwa 1955 yawancin sababbin motocin Amurka da ita suke fitowa. Keke kuwa, wanda shi ya gabatar wa duniya da taya mai iska, sai da ya ƙara jiran fiye da shekara 40. Dalilan a fili suke. Rim ɗin keke cike yake da ramukan wayoyin da ke riƙe da shi, kowane rami ƙofar fitar iska ne. Jikin tayar keke siriri ne, zare ne da ɗan shafen roba, iska na iya silalewa ta cikinsa. Idan kuma aka ce a ƙara masa kauri kamar na mota, ƙafar mutum ce za ta biya kuɗin nauyin, ba inji ba.

Waɗanda suka tilasta a nemo mafita su ne masu hawan keke a duwatsu. Wannan wasa ya samo asali ne a yankin Marin na jihar Kalifoniya a shekarun 1970, inda matasa ke gangarowa daga tsaunuka da tsofaffin kekuna. Mai irin wannan hawa yana son taya mai laushi don ta kama ƙasa. To amma idan iska ta yi kaɗan, taya ta daki dutse, sai rim ya matse tub ya yi masa huji biyu a jere, abin da suke kira saran maciji. Idan aka cika iska kuma keke ya riƙa tsalle yana zamewa. Gaba kura, baya sayaki. Ga kuma wata tsohuwar abokiyar gabarmu, tsidau, wadda ta tsallaka teku ta bazu a yammacin Amurka tana yi wa tayoyi abin da take yi wa ƙafar da ba takalmi.

A 1989 aka fara sayar da wani koren ruwa mai suna Slime a Kalifoniya, ana ɗura shi cikin tub. Aikinsa irin na shara ne a bakin kwalbati: ruwa ne mai kauri ɗauke da ƙananan zaruruwa, iska mai fita ta tura su cikin hujin, su cunkushe, su tare hanya. Yana maganin ƙaya, amma tub na nan, saran maciji ma na nan.

Amsar manyan kamfanoni ta zo a 1999. Mavic mai ƙera rim a Faransa ya haɗa kai da masu yin taya, Hutchinson da Michelin, suka fito da tsarin da suka kira UST. Rim ne wanda babu rami ko ɗaya a inda taya ke zama, da wani ɗan tudu da ke kulle bakin tayar, ita kuma tayar an shimfiɗa mata butil a ciki. Aiki ne tsaf, ba ya buƙatar ko ɗigon ruwa. Sai dai tayar na da nauyi, rim na da tsada, kuma idan ƙaya ta shige ta iska fita take yi kamar kowace taya.

A 2001 wani mai sha'awar keke a garin Big Flats na jihar Niyok, Stan Koziatek, ya kafa ƙaramin kamfani mai suna NoTubes. Shi bai nemi ƙera tayar da ba ta yoyo ba. Ya yarda cewa taya za ta yi yoyo, kuma za a huda ta, sai ya sa mata abin da zai riƙa bin ɓarnar yana gyarawa. Kayan nasa biyu ne: ɗamarar roba da ake shimfiɗawa a rim ta rufe ramukan wayoyi, da kwalbar ruwa da aka haɗa da madarar bishiyar roba. Da waɗannan mutum zai mayar da rim da tayar da yake da su marasa tub. Ruwan na toshe ƙananan ƙofofin jikin taya tun ranar farko, sauran kuma ya kwanta a ciki yana jiran ƙaya. Masu keke da dama ma suka shiga haɗa nasu a gida, wasu har da zuba ƙyalƙyalin kwalliya a ciki don ya taimaka wajen cunkushe huji. Ba a daɗe ba masana'antu suka bi sahu, suka koma yin tayoyi marasa nauyi waɗanda tun daga ƙira an san sai da ruwan faci za su riƙe iska. Tsarin da ya fi tsafta ya sha kaye a hannun wanda ke ɓata hannu da tufafi.

Me ya sa madarar roba ta yi abin da zare kaɗai bai yi ba? Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Bishiyar roba, wadda asalinta dajin Amazon ne, da wannan madara take rufe raunin jikinta: a tsaga ɓawonta, madara ta tsatso, ta daskare, ta toshe wurin. A 1876 wani Bature ɗan Ingila, Henry Wickham, ya kwashi irinta kimanin 70,000 daga Burazil zuwa lambun Kew na Landan, daga can aka kai dashe Asiya, inda a yau Tailan da Indunusiya ke kan gaba wajen nomanta. Kusan kashi ɗaya cikin uku na madarar roba ce zalla, a matsayin ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, suna yawo cikin ruwa. Kowace ƙwaya na ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya da na 'yar'uwarta, shi ya sa suke ture juna. Da tsami ya shiga sai cajin ya mutu, su rungumi juna su dunƙule, kamar yadda madarar shanu ke kamawa ta zama kindirmo. Don hana haka ne masu tatsar bishiyar ke zuba wa madarar sinadarin amoniya, mai kashe tsami.

A cikin rufaffiyar taya amoniya ba ta da wurin gudu da sauri, don haka madarar ke zama ruwa. A bakin huji kuwa labari ya sha bamban. Iska mai ƙarfi na tura ruwan ta ƙaramar ƙofa, ƙwayoyin na gogayya da juna, amoniya da ruwa na tashi, sai roba ta kama nan take. Ɓarɓashin da aka zuba a ciki shi ke fara tare ƙofar, danƙon ya ɗaure shi. Haka jini ke yi a bakin yanka. Irin wannan ruwa na iya rufe huji mai faɗin milimita 6 ko kusa da haka. Wanda ya wuce nan sai a cusa masa igiyar nan mai danƙo, ƙanwar wadda masu facinmu ke cusa wa tayar mota.

Daga nan aikin ya koma na awo, kowane gyara da kuɗinsa. Amoniya ta yi yawa, ruwan ya yi nawar kamawa, kuma tana iya cin rim na alminiyam. Ta yi kaɗan, a buɗe taya a tarar da dunƙulen roba yana gangara a ciki. Manyan ɓarɓashi na toshe babban huji, amma suna toshe bawul ma, har kamfanin Koziatek da kansa yana da wani nau'i na 'yan tsere wanda ba a ɗura shi ta bawul, sai an buɗe bakin taya. Don kada ya ƙanƙare a hunturun Turai ana ƙara masa sinadarin gilaikol. Ƙaramar kwalbar iskar kabon da 'yan tsere ke cika taya da ita cikin gaggawa kuwa tana iya kashe ruwan, saboda sanyinta da tsamin da take jawowa.

Kekunan tseren kwalta su suka fi ba da wahala. Tayar dutse ba ta wuce 25 zuwa 30 a geji, ta kwalta a da takan kai 100. Da irin wannan matsi ruwan fesowa yake yi waje kafin ya kama. Shimano da Hutchinson sun kawo tsarin marar tub na kwalta tun 2006, amma ƙwararru suka ƙi shi shekara da shekaru. Abin da ya sauya ra'ayinsu ba daga kwalbar ya fito ba. Tayoyin tsere ne suka ƙara faɗi, daga milimita 23 zuwa 28 har 32, iskar da ake sa musu ta ragu, ruwan ya samu sararin yin aikinsa. A 2019 Alexander Kristoff na Nowe ya lashe tseren Gent zuwa Wevelgem a Beljiyam ba tare da tub ba. A watan Oktoban 2021 Sonny Colbrelli na Italiya ya lashe tseren Paris zuwa Roubaix, wanda ya yi suna wajen fasa tayoyi a kan hanyoyin duwatsu, cikin ruwa da taɓo, shi ma babu tub.

Duk da haka kokawar farko ba ta ƙare ba. Ruwan da ke kamawa a bakin huji yana kamawa a hankali a cikin taya ma. Masu yin sa da kansu suna cewa daga wata 2 zuwa 7 yake yi kafin ya bushe, sai an ƙara wani. A 2018 kamfanin Finish Line ya fitar da wani nau'i marar madarar roba, mai zaren Kevlar, da alkawarin ba zai bushe ba har taya ta mutu. Bai bushe ba, amma masu gwaji da yawa sun koka cewa ba ya rufe huji yadda ya kamata, daga baya kamfanin ya fito da wani mai madarar roba. Halin da ke sa ruwan ya yi aiki shi ne dai halin da ke kashe shi.

A nan ne labarin ya shafe mu. Zafi da bushewar iska su suka fi saurin shanye ruwan faci, wato inda tsidau da ƙaya suka fi yawa nan ne ruwan ya fi gajeren rai. An auna shi ne da yanayin Turai da Amurka, da aljihun mai keken wasa, da rim na musamman. Manomi mai ɗauko buhu daga gona da ɗalibi mai tafiyar kilomita 10 zuwa makaranta sun fi ɗan tsere buƙatar tayar da ba ta tsayar da su, kuma bishiyar roba na nan a Edo da Delta. Ruwan da zai jure zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Damagaram, ya zauna a keken talaka, a kuɗin da bai fi na faci biyu ko uku ba, shi ne babin da ya rage a rubuta.