Yadda Amurka ta rushe gidajen hayar ɗaki-ɗaki, ta dawo tana nemansu

Shekaru ɗari da suka wuce, baƙon da ya sauka daga jirgin ƙasa a Shikago ko Niyok, da 'yar jakarsa da kuɗin da ba za su kai shi mako biyu ba, ba dole ne ya kwana a waje ba. Kafin magariba zai samu ɗaki guda a gidan haya, da gado da kujera da ƙusar rataye riga, banɗaki kuma na kowa da kowa a ƙarshen baranda. Ba a tambayarsa kuɗin shekara, ba a neman wanda zai tsaya masa. Ya biya na mako, a miƙa masa makulli. Wanda ya san gidajen hayar Sabon Garin Kano ko na zangon Kumasi, inda ɗakuna ke jere ana tarayya a famfo da makewayi, ya riga ya san fasalin abin. Sai dai Amurka ta kwashe shekaru masu yawa tana kashe irin wannan gida da hannunta, yau kuma ga ta tana laluben hanyar dawo da shi. Abin da tarihin nan ya nuna, a ganina, shi ne doka ce ta kashe gidan hayar ɗaki-ɗaki, kuma waɗanda suka yi dokar ba su tanadi inda mutanen ciki za su koma ba.

A ƙarni na 19 zaman haya a gidan wani ba abin kunya ba ne a biranen Amurka. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin mutanen birane ko dai sun zauna a gidan wani a matsayin 'yan haya, ko sun saukar da ɗan haya a nasu gidan. Da fari tsarin ya haɗa da ci: matar gida, sau da yawa wadda mijinta ya rasu ya bar ta da gida ba sana'a, ta ba ka ɗaki ta kuma ciyar da kai tare da sauran. Da gidajen abinci masu arha suka yawaita wajen ƙarshen ƙarnin, sai aka koma hayar ɗaki kawai, kowa ya ci inda ya ga dama. Paul Groth, a littafinsa na 1994 kan tarihin zaman otal a Amurka, ya nuna cewa abin hawa-hawa ne. Akwai attajiran da ke zaune dindindin a manyan otal-otal, akwai akawu da 'yan matan kanti da ɗalibai a gidajen haya masu tsabta, akwai kuma na can ƙasa. Na ƙasan nan su ne irin na titin West Madison a Shikago, inda ake yanka babban zaure da katako zuwa 'yan akurki da ƙyar suke ɗaukar gado ɗaya, bangon bai kai rufi ba, sai a shimfiɗa ragar waya a sama don iska ta shiga kuma kada maƙwabci ya tsallako ya ɗauke wa mutum takalmi. A nan leburorin da ke bin aikin layin dogo da sarar katako da girbi suke cin hunturu. Ƙungiyar YMCA ita kaɗai tana da ɗakunan kwana sama da 100,000 a 1940. Baƙaƙen fata da suka yi ƙaura daga Kudu zuwa Harlem da kudancin Shikago, waɗanda wariya ta hana su haya a sauran unguwanni, da ɗakin haya suka fara, kuma da kuɗin ɗan haya iyalai da yawa suke cika nasu kuɗin gidan.

Ƙiyayya da wannan tsari ta taso ta fuska biyu, kuma ya kamata a raba su, domin ɗaya tana da gaskiya. Cunkoso gaskiya ne, tarin fuka gaskiya ne, gobara ma haka. Hotunan da Jacob Riis ya buga a 1890, na mutanen da suka jibgu a ɗaki guda kowa ya biya santi biyar na wurin kwanciya, ba ƙage ba ne, kuma dokar gidajen haya ta Niyok ta 1901, wadda ta tilasta taga da haske da hanyar tsira daga wuta, ta ceci rayuka. Amma tun farko akwai wata manufa da ta raɓu da wannan. A 1870 San Faransisko ta yi dokar da ta ce dole kowane mai kwana ya samu sararin iskar da ya kai ƙafa 500 a ma'aunin kubik, kuma kowa ya san 'yan Sin aka nufa, domin a unguwarsu ake kame. Lawrence Veiller, jagoran masu gyaran dokokin gidaje na lokacin, yana kallon ɗan haya a cikin gidan iyali a matsayin annoba ga tarbiyya. A idon irin waɗannan mutane, namiji ko mace da ke zaune shi kaɗai ba ƙarƙashin idon iyali ba abin tuhuma ne, ko da ɗakinsa fes yake. Wannan ra'ayi na biyu shi ne ya ci nasara a dokokin da suka biyo baya.

Makamin da aka yi amfani da shi shi ne dokar kasa gari shiyya-shiyya, wadda ke faɗin abin da za a iya ginawa a kowace unguwa. Niyok ta yi tata a 1916. A 1926 Kotun Ƙoli ta halatta tsarin a shari'ar garin Euclid, inda alƙalin da ya rubuta hukuncin ya siffanta benen 'yan haya a unguwar masu gidan kansu da abin da ke rayuwa a jikin wani yana tsotsa. Daga 1934 hukumar tarayya mai lamunin bashin gidaje ta karkatar da kuɗi zuwa gidan iyali guda a bayan gari, unguwar da ke da gidajen haya kuwa ta zama wadda banki ke gudu. Mai gidan da ba zai samu bashin gyara ba sai ya bar gini ya lalace, lalacewar kuma ta zama hujjar rushewa ƙarƙashin dokar gidaje ta 1949, wadda ta ba birane kuɗin share unguwannin da aka kira kangaye. A 1955 Niyok ta haramta gina sababbin gidajen ɗaki-ɗaki baki ɗaya. Har ma raba gida tsakanin abokai bai tsira ba: a 1974 Kotun Ƙoli ta goyi bayan ƙauyen Belle Terre, wanda ya hana mutum fiye da biyu da ba dangi ba su zauna gida ɗaya, bayan da wasu ɗalibai shida suka kama haya tare. Ba a taɓa yin wata doka guda da ta ce a kori talaka daga birni ba. An dai rufe ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, kowace da dalilinta mai daɗin ji.

A shekarun 1950 Niyok tana da irin waɗannan ɗakuna kimanin 200,000. A shekarun 1970 birnin ya riƙa ba da rangwamen haraji ga mai gidan da ya mayar da su gidajen masu hali, wato da kuɗin jama'a aka biya ladan korar 'yan haya. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne ƙasar ta rasa ɗakuna kusan miliyan ɗaya daga 1970 zuwa shekarun 1980. Abin takaicin shi ne a daidai lokacin ake sallamar majinyata daga asibitocin masu taɓin hankali na jihohi, waɗanda yawan mutanen cikinsu ya sauka daga sama da rabin miliyan a 1955 zuwa ƙasa da 150,000 a 1980, kuma da yawansu ɗakin hayar nan ne kaɗai masaukin da kuɗin tallafinsu zai iya biya. Wanda ke son ganin abin a kusa ya dubi otal ɗin International da ke titin Kearny a San Faransisko. Mazaunansa tsofaffi ne 'yan Filifin da 'yan Sin, waɗanda suka ƙarar da ƙarfinsu a gonaki da jiragen ruwa da masana'antun kifin gwangwani, da yawansu ba su yi aure ba saboda dokokin da suka hana su auren farar fata. Da asubahin 4 ga Agusta 1977, ɗaruruwan 'yan sanda, wasu bisa dawakai, suka keta dubban mutanen da suka yi wa ginin zobe, aka fasa ƙofofi da guduma aka fito da tsofaffin. Aka rushe ginin, filin ya zauna rami fiye da shekara ashirin. Sai a 2005 aka buɗe sabon gidan tsofaffi a wurin, lokacin da akasarin waɗanda aka kora sun riga mu gidan gaskiya.

Mai ja da wannan magana zai ce ai gidajen nan ba abin kewa ba ne, kuma yana da hujja. Wasu masu gidajen azzalumai ne, wasu gine-ginen tarkon mutuwa ne. A Toronto ta Kanada, gobarar otal ɗin Rupert a Disamba 1989 ta kashe mutum goma. Ba zan kare ɗakin da ba taga da cewa da babu gara ba daɗi ba, domin ran talaka bai fi na kowa arha ba. Amma a duba abin da ke kashe mutane a gobara: ƙofar tsira da aka garƙame, wayar lantarki da ta ruɓe, rashin na'urar jin hayaƙi. Duk waɗannan ana iya gyara su da rajista da dubagari da tara, ba tare da an haramta tarayya a banɗaki ko a madafi ba. Haramci kuwa ba ya rage masu neman ɗaki mai arha, ɓoye su yake yi. Toronto ɗin ma shaida ce: kafin 2024, a yankunanta irin su Scarborough da North York an shafe shekaru ana hana gidajen ɗaki-ɗaki, amma suka ci gaba da wanzuwa a ɓoye, ba mai duba su, ɗan hayar kuma ba zai kai ƙara ba tunda ƙarar ce za ta sa a rufe gidan ya rasa wurin kwana. Garin neman gira aka rasa ido.

Akwai suka ta biyu wadda ta fi wannan nauyi. Masanin zamantakewa Christopher Jencks, a littafinsa na 1994 kan marasa matsuguni, ya lura cewa an rushe ɗakuna da yawa tun a shekarun 1960 da farkon 1970, lokacin da albashi ke ƙaruwa kuma masu neman su ke raguwa, alhali kwana a titi bai yi ƙamari ba sai a shekarun 1980, tare da rashin aiki da miyagun ƙwayoyi da taɓin hankalin da ba a kula da shi ba. Gaskiya ne mutane da yawa sun bar ɗakin haya da son ransu da suka samu hali. Amma wannan bai wanke dokar ba. Da kasuwa ce kaɗai, da buƙata ta dawo sai masu gidaje su sake yanka ɗakuna su ba da haya, kamar yadda suka yi a baya. Ba su yi ba domin an riga an haramta. Shaye-shaye da taɓin hankali kuwa sun girmi 1980. Mashayin titin West Madison na 1950 yana da ƙofar da zai rufe. Har yau jihar West Virginia, wadda ke kan gaba a mace-macen ƙwaya, tana da ƙarancin masu kwana a titi idan aka gwada ta da Kalifoniya, kuma bambancin da ke tsakaninsu tsadar haya ne. Larura tana nuna wanda zai fara faɗuwa, amma yawan waɗanda za su faɗi ya danganta da kuɗin ɗaki mafi arha a garin.

Hukumomi sun farga, amma a makare. San Faransisko ta yi dokar hana sauya waɗannan otal-otal a 1981. Niyok ta dakatar da rushe su a 1985, bayan da wani attajirin gine-gine ya sa aka rushe wasu cikin dare a kusa da dandalin Times don ya riga dokar, sai dai kotun jihar ta soke dokar da ta biyo baya a 1989. Dokar McKinney ta 1987 ta ware kuɗin tarayya don gyara irin ɗakunan da gwamnati ta gama biyan kuɗin rushewa. A farkon shekarun 1990 wata ƙungiyar agaji ƙarƙashin Rosanne Haggerty ta karɓi tsohon otal ɗin Times Square ta mayar da shi ɗakuna 652, da ma'aikatan jinya da na walwala a cikin ginin, abin da ya tabbatar da cewa ɗaki ɗaya mai tsabta da kulawa yana riƙe mutumin da titi ya kusa cinyewa. Jihar Oregon a 2023 da jihar Washington a 2024 sun tilasta wa biranensu su sake halatta gidajen ɗaki-ɗaki, Toronto kuma ta halatta su a duk faɗin birnin daga ƙarshen Maris 2024, da sharaɗin lasisi da dubawa. Amma halattawa ba ta dawo da ginin da aka rushe ba, kuma ginawa yau ta ninka tsadar adanawa jiya. A ƙidayar dare guda ta Janairu 2024 an samu mutum sama da 770,000 ba su da matsuguni a Amurka.

Mu a nan gidan hayar ɗaki-ɗaki bai mutu ba. Shi ke ɗauke da ɗan acaba da mai shayi da ɗalibi da sabon ma'aikaci a Kano da Kaduna da Legas. Amma alamun suna nan. Shirye-shiryen gidaje masu sauƙin kuɗi, tun daga gidajen Shagari, gida ne na iyali da za a mallaka, ba ruwansu da mai neman ɗaki guda. Rusau irin na unguwar Maroko ta Legas a 1990 ya watsa dubban ɗaruruwan mutane, akasarinsu 'yan haya da ba su da takardar fili balle diyya. Abuja kuma ta tura masu yi mata aiki Nyanya da Mararaba da Suleja, suna ƙarar da albashi a kuɗin mota. Ina kira ga hukumomin tsara birane da 'yan majalisun jihohi da su sa gidan haya na ɗaki-ɗaki cikin tsarinsu a matsayin gida halattacce: a yi masa rajista, a tilasta masa isasshen makewayi da ruwa da ƙofar tsira, a sauƙaƙa wa mai son gina shi izini, kuma kada katafila ta shiga wata unguwa sai an ƙirga ɗakunan haya nawa ne a cikinta, an kuma faɗi inda masu kwana a ciki za su koma.